Yadda Ake Auna Tsohuwar Hasumiya a Sauke Ta a Takarda, Daga Gindi Har Zanko

Tambayar da aka fi yi mini, daga ɗaliban zanen gini har magina, ita ce: yaya mutum zai auna tsohuwar hasumiya ya zana ta daidai, alhali tef ɗinsa bai kai rabin tsawonta ba, wani lokacin ma ba a yarda ya hau ba? Wasu na amsa musu a tsaye a bakin titi, wasu a waya, amsar ba ta taɓa cika ba. To ga ta nan daki-daki, yadda nake yin aikin a nan Jos.

Roƙo ɗaya gare ni kafin mu fara. Wanda zai ɗauki takardarka wata rana, wataƙila magini ne da aka kira bayan damina ta zubar da kan hasumiyar, kuma babu abin da ya rage masa sai zanenka. Abin da yake nema shi ne ginin yadda yake: inda ya karkace, inda ya yi ciki, zankon (tsinin da ake ginawa a saman bango) da ya fi ɗan'uwansa gajarta. In ka miƙe masa abin da ke a karkace don takarda ta yi kyau, wani gini dabam ka ba shi.

1. Nemi izini kafin ka zaro tef

Hasumiyar masallaci tana da masu ita. Fara da liman da kwamitin masallacin, a unguwa kuma ka bi ta wurin mai unguwa. Makullin ƙofar matakala galibi yana hannun ladan, shi ne kuma ya san matakin da ya ruɓe, don haka ka girmama shi ka tafi da shi. Hasumiyar ƙararrawa ta tsohuwar coci haka take, akwai shugabannin da za a gani. In ginin yana cikin waɗanda gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi, izinin yana wurin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma a rubuce za ka nema.

Gargaɗi: a gari irin namu, baƙon fuska da ya tsaya yana auna wurin ibada yana ɗaukar hoto ba tare da an san da shi ba, ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so ba, kuma mutanen unguwa suna da gaskiya. Ka riƙe katin shaidarka da takardar makaranta ko ta wurin aiki. Ka tsara aikin tsakanin salloli, ranar Juma'a kuwa ka bar ta gaba ɗaya. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya, kada ka tayar da shi don kawai wani ya ara maka.

2. Kayan aiki, da abin da zai ci kuɗi

Tef biyu: na ƙarfe mai mita 5, da dogo mai mita 30. Allo mai maƙalin takarda, takarda mai gida-gida, fensir HB da 2H, kilina, rula, alli. Igiya siririya marar miƙewa da ƙarfe mai nauyi da za a ɗaura mata a baki. Siririn tiyo wanda ake ganin ruwa ta cikinsa, kamar mita 10, irin na magina. Sanda miƙaƙƙiya mai mita 2 daidai. Kwali, almakashi, tocila, da ƙaramin bokiti. Amfanin bokitin yana gaba.

Tef da tiyo da igiya za ka samu a shagunan kayan gini na wajen Terminus ko a Building Materials. Sandar kuwa kada ka nemi ta kanti. Ka je Kasuwar Katako a goge maka falle guda, ka shafa mata fenti ja da fari, kowace santimita 10 launi ɗaya. Ita ce za ta shiga kowane hoto da za ka ɗauka.

Na'urar awo mai leza ita ce mai tsada, duk sauran kayan a haɗe da wuya su kai kuɗin mai kyau guda ɗaya. Shawarata, ka are ta ko ku haɗa kuɗi ku uku. Tana da daɗi a cikin hasumiya inda duhu yake, amma a waje da rana tsaka ɗigon jan nan ɓacewa yake, sai ka auna ganyen bishiya kana zaton bango ne. Kuɗin da mutane ke mantawa da shi: motar mataimaka biyu da abincinsu, ɗan goron ladan ko mai gadi, kuɗin shiga da na hoto in gidan tarihi ne, buga zane a takardar A3, sai kuma kuɗin komawa karo na biyu. Wannan na ƙarshe ka ware shi tun farko, domin sai ka koma.

Mutum uku ne aikin: mai riƙe bakin tef, mai karantawa, mai rubutawa. Mai rubutu ya maimaita kowace lamba da ƙarfi kafin ya sa ta a takarda.

3. Gwada hannunka a ƙasa tukuna

Mu mutanen Jos mun yi sa'a. Kusa da Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai gidan adana gine-ginen gargajiya da ake kira MOTNA, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya da cikakken girmansu. Wurin ya samo asali ne daga aikin Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan da ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiyar ƙasar nan tare da mataimakansa 'yan Najeriya. Tef da fensir suka yi wannan aikin, irin wanda kake shirin koya. Ka nemi izinin ma'aikata, ka yi kwana biyu kana auna baka (lanƙwasar saman ƙofa ko rufi) da ginshiƙi da bangon da hannunka ke kaiwa, kafin ka tunkari abin da ya fi ka tsawo sau takwas. Sai dai ka rubuta a takardar cewa kwafi ka auna a Jos, kada wani ya ɗauka awon na Zariya ne.

4. Zagaya, ka zana da hannu, ba awo

Ranar aiki, minti 30 na farko tef ya zauna a jaka. Zagaya hasumiyar sau biyu. Hawa nawa ce? Fuska nawa? Ina tagogi, ina indararo, ina aka yi faci da siminti? Sannan ka zana da hannu: filan gindinta (wato siffarsa in an kalle shi daga sama), kowace fuska a takardarta, da yadda cikinta zai kasance in an tsaga ta daga sama zuwa ƙasa. Ka yi zanen da girma, ka bar fili a gefe domin lambobi. A kowace takarda ka sa kwanan wata, sunan wuri, da kibiyar arewa. Fuskoki ka kira su da gabas, yamma, kudu, arewa. "Gaba" da "baya" suna rikicewa bayan mako biyu.

Kafin ka auna komai, ja layukan awon a kan zanen, babu lamba. Duk layin da ya rage babu lamba da yamma, shi ne abin da ka manta.

Gargaɗi: da fensir ake rubutu a fili. Yayyafi ɗaya ya isa ya narkar da tawadar yini guda. Lambar da ka yi kuskure kuma kada ka goge ta, ja mata layi ka rubuta sabuwa a gefe, domin wani lokaci ta farkon ce daidai.

5. Kafa layin mafari

Ƙasar da ke kewaye da tsohon gini ba ta taɓa zama a shimfiɗe ba, balle a Jos da ko'ina gangare ne da dutse. In ka auna tsayin taga daga ƙasa a gabas, ka auna wata daga ƙasa a yamma, lambobin biyu ba sa magana da juna. Maganin wannan shi ne layi guda da ya zagaye ginin a kwance daidai, wanda duk awon tsayi zai tashi daga gare shi.

Zaɓi abin da ba ya motsi, kamar dokin ƙofa. Auna mita 1 sama da shi, ka yi alama da alli. Cika tiyo da ruwa, ka fitar da duk kumfar iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan alamar har ruwa ya tsaya a kanta cif, na biyu ya kai ɗaya bakin kusurwa ta gaba ya yi alama inda ruwan ya tsaya. Haka za ku bi har ku dawo inda kuka fara. In alamar ƙarshe ta hau kan ta farko, ko ta saɓa da milimita kaɗan, kun yi daidai. In ta saɓa da santimita 2 ko 3, akwai iska a tiyon ko wani ya taka shi, ku sake. Daga nan duk abin da ke sama da layin ka rubuta shi da alamar ƙari, na ƙasa da alamar ragi.

Gargaɗi: alli kawai. Ba ƙusa, ba fenti, ba karce da makulli. A ginin ƙasa ƙaramin rami ƙofar ruwa ne.

6. Auna gindi

A nan ne yawancin masu koyo ke fara tara kuskure ba su sani ba. Suna auna daga kusurwa zuwa taga, su ɗaga tef, su auna faɗin taga, su ɗaga, su auna zuwa ta gaba. Kowane ɗagawa yana cin milimita 5, in ka yi sau 12 ka ɓatar da santimita 6. Maimakon haka, kafa bakin tef a kusurwa ɗaya, ka ja shi har ƙarshen bango, ka karanta komai a jere ba tare da ka motsa bakin ba: taga ta fara a mita 0.85, ta ƙare a 1.40, bango ya ƙare a 4.02. Duk wannan awon a tsayin layin mafari za ka yi shi, domin bangon da ke tsukewa faɗinsa a gwiwa dabam, a kafaɗa dabam.

Bayan gefuna huɗu, auna gicciye daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, duka biyun, daga ciki in akwai ɗaki. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, in kusurwoyinsa daidai suke, gicciyensa biyu za su ba ka 5.66. In ɗaya ya ba ka 5.60, ɗaya 5.72, ɗakin ya ɗan murɗe, kuma haka za ka zana shi. Inda ba a shiga ciki, kewaye hasumiyar da igiya a kan turaku, ka daidaita kusurwar igiyar da awon 3, 4, 5 da magina suka sani (gefe ɗaya mita 3, ɗayan mita 4, gicciyensu ya ba ka 5), sannan ka auna tazarar bango daga igiyar kowace rabin mita.

Kusurwar ginin ƙasa a dunƙule take, ba ta da kaifi. Ɗora sanda a jikin bango ɗaya, rula a ɗayan, inda suka haɗu a iska nan ne kusurwarka, sannan ka auna yawan abin da dunƙulewar ta ci. Hasumiya mai zagaye kuwa, naɗa mata tef ka raba da 3.14: zagaye 9.42 ya ba ka faɗin mita 3. Mai fuska takwas ka auna duka takwas ɗin.

Ƙugiyar bakin tef ɗin ƙarfe tana ɗan motsi. Da gangan aka yi ta haka, don ta biya kaurin kanta ko ka maƙala ko ka tura. Na sha ganin an buga mata guduma wai ta yi sako-sako. Ku bar ta.

7. Tsayi

In an yarda ka hau, sauƙi ya samu: sako dogon tef daga sama da ɗan nauyi a baki, a karanta a layin mafari, a bi kowane hawa da kowace taga. In ba a hawa, hanya uku ce, kuma ka yi aƙalla biyu ka gwada su da juna.

Ta farko inuwa. Tsayar da sandarka mai mita 2, ka auna inuwarta, a daidai wannan lokacin wani ya auna inuwar hasumiya. In inuwar sanda 1.5 ce, ta hasumiya 9, to 9 sau 2 a raba da 1.5, tsayi mita 12. Kuskuren da ake yi: ana fara auna inuwar daga jikin bango. Ƙololuwar da ta yi inuwar tana can ciki, saboda haka ka ƙara tazarar da ke tsakanin bango da wurin da ke ƙarƙashin ƙololuwar. Ƙasar ma sai ta kasance a shimfiɗe. Ka yi wannan da ƙarfe 9 zuwa 10 na safe ko bayan la'asar. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana kan tsaya a tsakar ka a Jos, da tsakar rana inuwar ba ta da abin aunawa.

Ta biyu takarda. Ninka takarda mai kusurwa huɗu daidai gicciye, ka riƙe gefe ɗaya a kwance a saitin idonka, ka ja da baya har ƙololuwa ta hau kan dogon gefen. Nisanka daga ƙarƙashin ƙololuwar, haɗe da tsayin idonka daga ƙasa, shi ne tsayin. Ta uku waya: akwai manhajojin auna kusurwa. Ka tsaya a mita 20, in kusurwar ta ba ka digiri 30, ninka 20 da 0.577 (lambar da kalkuleta ke ba digiri 30 a maɓallin tan), ka sami 11.5, ka ƙara tsayin ido 1.6, ya zama 13.1.

Ginin bulo ko jan birki yana da ƙarin hanya: auna jeri 10 a haɗe, ka raba da 10, ka ƙirga jerin har sama a hoto. Kada ka auna jeri ɗaya ka ninka, kaurin siminti ba ya zama ɗaya.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai a takarda kima da awo ba sa zama a tabarma ɗaya. Duk lambar da ka samu ta inuwa ko waya ko ƙirga, ka zagaye ta da da'ira, domin mai karatu ya san tef bai taɓa wurin ba.

8. Tsukewar bango

Hasumiyar ƙasa faɗi take yi a gindi ta tsuke a sama, dubi Gobarau ta Katsina ko ta Masallacin Agadas. Wannan jinginar ita ce ƙarfinta, ita ce kuma kyanta, kuma ba layi ɗaya miƙaƙƙe ba ce. Fito da sanda ta taga ko daga saman hawa, ka rataya igiya mai nauyi yadda za ta sauka ba ta taɓa gindi ba. Iskar Jos ba za ta bar ta ta tsaya ba, to nan bokiti ya shigo: cika shi da ruwa, ka bar nauyin ya nutse a ciki ba tare da ya taɓa ƙasan bokitin ba, lilon zai mutu. Sannan ka auna tazarar igiya da bango a kowace mita: santimita 10 a layin mafari, 18 a mita ta gaba, 25 a ta gaba, har inda hannu ya kai, sauran ta tagogi. Kowace fuska da nata. In fuska ɗaya ta jingina ciki, ta bayanta ta leƙo waje, hasumiyar ce take karkata, kuma wannan labari ne da masu ginin ke buƙatar ji a ranar.

9. Zanko, indararo, taga da ado

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma ake gaggawa saboda rana ta yi, an gaji. In da hali ka ba shi yini nasa.

Zanko ba shi da layi miƙaƙƙe ko ɗaya, don haka kai za ka kawo masa. Auna faɗin gindinsa, kaurinsa, da tsayinsa daga saman rawanin bango. Sannan tsayar da sandarka a gefensa, ka tabbatar da igiya cewa a tsaye take, ka auna tazarar sanda da jikin zankon kowace santimita 10 daga ƙasa har tsini. Ka koma ɗaya gefen ka maimaita, sannan gaba da baya. In ka sauke waɗannan ɗigo a takarda ka haɗa su, lanƙwasar maginin ce za ta fito, ba taka ba. Inda lanƙwasar ta yi wuya, yanka kwali a hankali, kana gwadawa kana ragewa har ya zauna a jikinta ba tare da haske ya ratsa ba, ka rubuta masa suna ka tafi da shi gida.

Shekarun baya, a wani gari kan hanyar Bauchi, na auna zanko ɗaya daga cikin huɗu na wata tsohuwar hasumiya, na kwafe shi sau huɗu. Da na kawo zanen, wani dattijon magini ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba tamu ba ce. Na gabas sun fi kauri."

Na ce, "Baba, ai iri ɗaya na gan su."

Ya ce, "Daga ina ruwa ke zuwa mana? Can yake dukansu, can muke ƙara musu yaɓe kowace shekara. Je ka sake dubawa."

Na koma. Santimita 7 ne bambancin. Da an gyara da zanena, da an rage wa ginin kariya a daidai inda hadari ke fara sauka. Tun daga ranar kowane zanko lambarsa dabam a takardata.

Indararo ka auna abu biyar: yawan fitowarsa daga bango, faɗin bakinsa, zurfinsa, gangarensa, da tsayinsa daga layin mafari. Rubuta da me aka yi shi, itacen giginya ne, gasasshen yumɓu ne, ko kwano aka sa daga baya. Ka zana tabon ruwan da ke ƙarƙashinsa ma, domin yana nuna ko indararon ya gaza. In kawunan azara sun leƙo, ƙirga su, ka auna tazararsu a jere.

Taga ana auna ta sau biyu, waje da ciki, domin sau da yawa bakin waje ƙarami ne cikin ya buɗe. Nan ne kuma za ka sami kaurin bango a wannan hawan. Mai baka a sama, miƙa rula a inda bakan ya fara lanƙwasa, ka auna tsayi daga rular kowace santimita 5 ko 10. Kada ka ɗauko kamfas ka ja rabin da'ira, bakan hannu ba ya bin kamfas.

Adon yaɓe irin su dagi yana son firam. A haɗa maka firam na katako mai rabin mita, ka ɗaura zare a gicciye kowace santimita 10. Wani ya riƙe shi a gaban adon ba tare da ya danna ba, kai kuma kana cika gida-gida a takardarka. Fara da tsakiyar igiyar adon, ka bi ta har ka gane inda ta hau da inda ta shige ƙarƙashi, sannan ka ba ta faɗi. Zurfin tudun ka auna da bakin rula. Sassafe ko gab da magariba ne lokacinsa, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe. Da rana tsaka ado kwanciya yake.

A gefen kowane abu ka rubuta jikinsa: tubali, makuba ko laso (yaɓen gargajiya masu kare bango daga ruwa), dutse, facin siminti. Facin siminti a kan ƙasa ka ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa a hankali, in ya yi ƙarar fanko ya rabu da bango, ka sa alama. Tsaga kuma ka zana tafiyarta, ka auna faɗinta a wuri uku, ka sa kwanan wata.

Gargaɗi: kada ka jingina tsani a jikin zanko ko rawani, kada ka riƙe indararo don ka leƙa. Ba a gina su don ɗaukar mutum ba. Kada ka shafa fensir a kan takarda a jikin tsohon yaɓe don ɗaukar ado, makuba ce za ta biyo hannunka.

10. Cikin hasumiya

Ladan a gaba, tocila a hannu, mutum ɗaya a kan matakala a lokaci guda. Kowane mataki ka auna tsayinsa da faɗinsa, ka tara. Jimlar ita ce za ta gaskata ko ta ƙaryata tsayin da ka samu a waje. Ka lura da wayoyin lasifika da aka ja ba rufi, da gidan rina, da zuma, da kashin jemage da ke sa santsi. Tef ɗin ƙarfe da wayar wuta ba sa haɗuwa.

Gargaɗi: da zarar hadari ya haɗu, sauko. Tsawa wuri mai tsayi take nema. Ginin ƙasa kuma ba a hawansa bayan ruwa sai ya bushe sosai. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin wannan aikin a Jos, ka dai ɗauki rigar sanyi, yatsun da suka ƙage ba sa rubuta lamba mai kyau.

11. Hoto

Ja da baya sosai ka jawo hoton, maimakon ka tsaya a gindi ka ɗaga waya, wanda ke sa ginin ya tsuke fiye da gaskiyarsa. Ka fuskanci bango kai tsaye, sandar ja da fari tana jikin bangon. Kowane hoto ka rubuta lambarsa a kan zanen.

12. Fitar da zane, ka koma

Kada ka bari ya kwana biyu. A daren ko washegari ka zauna, tun kana tuna abin da kowane karce yake nufi. Sikelin 1:50 na dukan hasumiya ne, mita 1 ta zama santimita 2. Mai tsayin Gobarau, wajen mita 15, za ta ci santimita 30, wato ta fi ƙarfin A4 sai A3. Ta Agadas mai mita 27 sai 1:100 ko takardar A2. Hawa ɗaya da tagoginsa 1:20. Zanko da indararo 1:10, mita 1 santimita 10. Ado 1:5.

Fara da layin mafari, sannan filan ta hanyar gicciyen da ka auna, sannan tsayi, sannan tsukewa, ƙananan abubuwa a ƙarshe. In da kwamfuta kake yi, kashe abin da ke miƙar da layi da kansa. Layi cikakke na abin da tef ya taɓa ne, layi mai ɗigo-ɗigo na abin da ka ƙiyasta. Inda wani sashe ya zube, zana shi a zube. In kana son nuna yadda kake ganin yake a da, ka yi a takarda dabam ka faɗi haka.

Wani wuri zai ƙi haɗuwa, ko yaushe haka ne. Kada ka raba bambancin ka ɓoye shi. Jera wuraren a takarda, ka ɗauki kuɗin motar nan da ka ware, ka koma da zanen a hannu ka sake aunawa. Sannan a ƙasan kowace takarda ka sa sunan gini, gari, fuska, ranar awo, sunayen waɗanda suka auna, da inda layin mafari ya tashi. Ka zana ɗan ma'aunin sikeli a jikin takardar, domin injin kwafi yana rage girma, rubutun 1:50 kuwa ba ya raguwa tare da shi. Ka buga kwafi uku: ɗaya naka, ɗaya na kwamitin masallaci ko cocin, ɗaya na maginin da ke yi mata yaɓe. Takardun fensir na fili kuma ka sa su a leda ka ajiye inda gara ba ta kaiwa.